Abin da Na Tsinta a Jakarki, da Abin da Na Ɓoye Miki

Abbare, Jalingo
Laraba da hantsi

Assalamu alaikum, Ummi.

Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da na baƙin wuri, ya haɗa ki da mutanen kirki a duk inda aka tura ki bautar ƙasa. Zan sa ta a ƙarƙashin robar dambun nama, don na san can ne hannunki zai fara zuwa idan yunwa ta kama ki. Ki ci tukuna, ki sha ruwa, sannan ki karanta. Doguwa ce.

Yau kwana huɗu muna gaisawa kamar baƙi a gida ɗaya. Jibi za ki hau mota, ni kuwa na gwada buɗe baki sau da yawa na kasa. Shekara ashirin da bakwai ina koyar da 'ya'yan mutane a firamare, ban taɓa rasa abin faɗa a gaban aji ba, amma a gabanki harshena ya yi nauyi. Shi ya sa na ɗauki biro.

Bari in fara da ranar Asabar, tunda ita ce ta fi kusa. Ina ninke miki kaya na ji wani abu mai tauri a aljihun jaka. Da farko na ɗauka biro ne mai tsada, sai na ga ramin caji a gindinsa kamar na waya. Na shinshina, na ji ƙamshin mangwaro, a ƙarƙashinsa kuma wani wari da na sani, irin wanda ke tashi a bayan tashar mota. Kika shigo da bokiti a hannu, kika gan shi a tafina, kika tsaya cak.

Na ce, "Ummi, mene ne wannan?"

Kika ce, "Dada, na barci ne."

Na ce, "Me ake zubawa a ciki?"

Kin daɗe kina kallon ƙasa. Da kin so, da kin ce shisha ce ta aljihu kawai, irin wadda 'yan mata ke yayi, kuma da na yarda, don ban san komai a kai ba. Amma kika ɗago kika ce, "Man wiwi ne. Zuƙa biyu nake yi in zan kwanta. Wallahi Dada ba don maye ba ne, barci nake nema."

Kin ba ni gaskiya, ni kuma na ba ki mari. Har na ƙara da cewa gara da mahaifinki bai ga wannan rana ba. Ummi, marin da maganar duka kuskure ne, kuma maganar ta fi muni. Ki yafe min. Abin da nake tsoro shi ne ki ɗauka ƙarya ta fi sauƙi, ki ce da kin ɓoye da an zauna lafiya. Kada ki koyi wannan daga gare ni. Idan wata rana wani ya zo miki da abin kunyarsa a hannu, ki zaunar da shi ki ji ƙarshen maganarsa kafin ki buɗe baki. Ni ban yi haka ba, ga shi na ɓata mana kwana huɗu daga cikin kwanakin da suka rage mana.

Amma laifina bai fara ranar Asabar ba. Ya fara ne shekara biyu da suka wuce, bayan motarku ta kife a hanyar Iware kuna dawowa daga biki. Ke kin fito da karaya a kafaɗa, ƙawarki Jamila kuwa gawarta aka ciro. Da kafaɗa ta warke sai na ce alhamdu lillahi, an wuce wurin. Na tuna wata safiya ina dama kunu, kika zo kika jingina da ƙofar kicin, idanunki jajur, kika ce, "Dada, ni fa ba na barci. Da na rufe ido sai in ji motar tana juyawa." Ko juyowa ban yi ba. Na ce ki rage danna waya, ki riƙa karanta addu'ar kwanciya. Kika sake faɗa bayan wata guda, na karɓo miki rubutu. Kika sake faɗa, na ce ai kowa yana da abin da ke damunsa. Daga nan ba ki ƙara faɗa ba, ni kuma na ɗauki shirunki a matsayin waraka.

Akwai abin da ba ki sani ba. Likitan da ya ɗaure miki kafaɗa ya ja ni gefe ranar da aka sallame ki, ya ce, "Mama, ƙashi zai haɗe, amma yarinyar nan ta ga abin da ya fi ƙarfinta. Ku kai ta ta ga likitan ƙwaƙwalwa, ko sau biyu ne." Na ce to. Ban kai ki ba. Na ji tsoron a gan mu a wannan layin, a koma unguwa a ce 'yar Malama Hauwa ta taɓu, masu neman aure su janye. Na fifita bakin mutane a kan barcinki. Wadda ta ba ki wannan abin zuƙa, ko wace ce ita, ta saurare ki a lokacin da ni na toshe kunne. Ba na gode mata, amma ba ni da bakin zaginta.

Don haka ki ji: rashin barci ciwo ne kamar zazzaɓi. Ki yi addu'a, kada ki bari, amma ki je asibiti. Babu inda ɗaya ya hana ɗaya. Kuma in kin faɗa wa mutum damuwarki ya share, ki faɗa wa na gaba. Kada ki yi shiru don uwarki ta kasa ji.

Yanzu ga maganar da ta fi min wuya. Goggonki Adama, yayar mahaifinki, ita kaɗai ta san ta a cikin dangi.

Kina da shekara shida mahaifinki ya rasu. Ina cikin takaba barci ya ƙaurace min. In kwanta in ji kamar an ɗora min dutse a ƙirji, in tashi in zauna, in sake kwanciya, har a kira sallah. Na rame har zobena yana zamewa. Wata maƙwabciyarmu a lokacin, mace mai kirki, ta ga halin da nake ciki ta kawo min 'yar kwalbar maganin tari. Ta ce, "Murfi ɗaya kawai, Malama. Ai magani ne, a kemis ake sayarwa." Na sha, na yi barcin da rabona da shi tun kafin jinyar mahaifinki. Da safe na yi mata addu'a da zuciya ɗaya.

Murfi ɗaya ya yi min sati biyu. Daga nan sai biyu. Kafin in fita takaba rabin kwalba nake sha, kuma ba na jira sai dare. Ina ɓoye kwalaben a cikin buhun masara, in sun ƙare in zuba su a leda in jefar a hanyar makaranta. Ina sallah, ina koyarwa, ina yi wa yara faɗa a kan shaye-shaye, kuma ko sau ɗaya ban kira kaina mashayiya ba. Abin da nake faɗa wa kaina shi ne abin da kika faɗa min ranar Asabar, kalma da kalma: ba don maye ba ne, barci nake nema. Da na ji maganata ta fito daga bakinki, tsoro ne ya ɗaga hannuna, ba fushi ba. Wannan ba uzuri ba ne, amma ina so ki sani.

Ki duba tabon da ke hannunki na hagu, daga gwiwar hannu zuwa wuyansa. Tun kina ƙarama na ce miki na leƙa maƙwabta ne kika jawo tukunyar kunu. Ƙarya na yi miki. Ina cikin ɗaki, tsakaninmu bai fi taku goma ba. Ranar Lahadi ce da azahar, na ɗora tukunya, na sha rabin kwalba, na ce bari in ɗan kishingiɗa. Kin ji yunwa, kin tashe ni ban tashi ba, kika je ki ɗiba da kanki. Ihunki bai tashe ni ba, Ummi. Masu wucewa ne suka ji suka shigo. Sai da aka yayyafa min ruwa na farka, na tarar an riga an naɗe ki a zane za a fita da ke.

A asibiti Goggo Adama ta zo daga Kachalla Sembe. Ta dube ki, ta dube ni, ta matso ta shinshina bakina. Kin san Hausar Goggonki, kowa a wurinta namiji ne. Ta ce, "Hauwa, kai kana shan wani abu. Kada ka yi min ƙarya, yaron nan ya kusa mutuwa." Na fashe da kuka a gaban mutane. Ba ta mare ni ba, ba ta kira dangi ba. Ta kama hannuna ta ce, "To, ya isa. In an sallame shi ku taho gidana."

Shekara goma sha bakwai ina kallon wannan tabo. Duk lokacin da kika sa doguwar riga don ki rufe shi, ni na san wanda ya yi shi. Ba na neman ki yafe wannan yau. Ki ɗauki lokacin da kike so. Na faɗa miki ne don ki gane cewa barcin da ake saye ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Yana bin mutum har cikin rana, kuma wanda ke kusa da kai shi ke fara ɗanɗana kuɗarsa.

A wajen dainawa ma na yi wauta. Kafin mu koma gidan Goggo na rantse zan bari ni kaɗai, ba tare da kowa ya taimake ni ba, don kunya. Na kwana uku ido biyu, jikina yana rawa, komai yana ba ni haushi. A rana ta huɗu na ce ai ga shi nan, ni dai ba zan iya barci ba sai da shi, na koma kemis. Sai da Goggo ta kai ni wurin likita da kanta, ta zauna a bakin ƙofa da carbinta don kada in gudu. Shi ya bayyana min cewa wannan rashin barcin na farkon dainawa ba tsohon ciwona ba ne ya dawo, jiki ne ke neman abin da ya saba. Ya tsara min yadda zan bi a hankali. Wata uku muka yi a Kachalla Sembe. Goggo ta hana ni kwanciyar rana, kullum da yamma sai ta ja ni mu taka har bakin gonarsu mu dawo, ta sa ni surfe da tankaɗe har in gaji. In na ce na kasa, sai ta ce, "Munyal, Hauwa," wato in yi haƙuri. Barcin bai dawo rana ɗaya ba. Ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan, har wata safiya na farka na ga rana ta fito, na rasa sallar asuba a kan lokaci, na zauna ina kuka ina dariya.

Kada ki ce ke kaɗai za ki yi wannan yaƙi. Ni na gwada, ban iya ba, kuma na girme ki a lokacin.

Na san za ki ce naki daban ne, ba kwalba ba ce, ba hayaƙi ba ne, tururi ne kawai. Ni ma ban so in yi miki magana cikin jahilci ba, don haka ranar Litinin na je wurin wata tsohuwar ɗalibata da ta zama likita. Na ce mata 'yar maƙwabta ce ke amfani da shi. Ta yi murmushi ta ce, "Malama, ki gaida 'yar maƙwabtan, ki ce mata ba ita kaɗai ba ce." Ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce gaskiya ne yana sa wasu barci da wuri, musamman a farko, don haka ba ƙarya kike yi ba. Amma jiki yana sabawa, zuƙa biyu ta koma huɗu. Ta ce man da ake zubawa a ciki ya fi ganyen ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma da yake a ɓoye ake sayar da shi, babu wanda zai iya faɗa miki abin da aka gauraya a ciki kafin ya shiga huhunki. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da ta ce yana danne mafarki ne kawai, ba ya goge abin da ke kawo shi. Ranar da aka daina, mafarkan sukan dawo da ƙarfi na ɗan lokaci, daga baya su lafa. Ta ce irin abin da ya same ki a motar nan akwai masu yi masa magani ta hanyar zama da tattaunawa, kuma mutane suna warkewa.

Na san abin da kike sha tun ranar Asabar. Ina ganin idanunki da safe, na ga kin kasa cin abinci, jiya kin yi wa kyanwa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na ƙwace miki abu farat ɗaya ban ba ki komai a madadinsa ba, kuma likitar ta ce wannan ma ba dabara ba ce. Duk da haka ba zan mayar miki da shi ba. Ana tare motoci a hanya ana zazzage jakunkuna, a ƙofar sansanin bautar ƙasa ma haka, kuma doka ba ta san wanda ke neman barci ba. Na fasa shi da taɓarya na jefa a masai. Ni ba yarinya ba ce, na san inda za ki ma ana samunsa, kuma babu Dada da za ta laluba miki jaka. Ba zan sa ki rantsuwa ba, don na san yadda rantsuwa take karyewa a rana ta huɗu. Abu biyu kawai nake roƙo. Satin da kika sauka ki nemi asibitin sansani ki faɗa musu komai, har da man wiwin, kada ki rage. Takardar da likitar ta rubuta tana cikin wannan ambulan, ki miƙa musu. Na biyu, in kin kasa kin koma, ki kira ni ki ce, "Dada, na koma." Na yi miki alkawari ba za ki ji tsawa ba. Zan ce miki to, mu sake farawa.

Saura kuskure ɗaya, shi ne na ƙarshe da zan iya tunawa yau. Bayan addu'ar bakwai na hana ki zuwa gidan su Jamila. Duk lokacin da kika ambaci sunanta sai in ce ki bar ta ta huta, ki yi mata addu'a kawai. Na ɗauka in ba a taɓa wurin ba zai warke. Kuma na san abin da ke cin ki, don na ji kina faɗa wa Goggo: Jamila ba ta yi niyyar zuwa bikin ba, ke kika je har gida kika roƙi mahaifiyarta ta bar ta. Na ji, na yi kamar ban ji ba, don ni ma kunyar matar nake ji. Shekara biyu in na hango ta a kasuwa sai in sauya layi.

Jiya da la'asar da na ce miki zan je karɓo ɗinki, gidansu na je. Na same ta tana tsince shinkafa a tsakar gida. Mun gaisa, na rasa ta inda zan fara, sai ita ta ce, "Ina Ummi? Ko ta yi aure ne ba a gaya min ba?" Na ce za ki tafi bautar ƙasa ranar Juma'a. Na ce mata ba kya barci, kuma kina ganin ke kika jawo. Ban faɗa mata sauran ba.

Ta ajiye tiren shinkafar. Sannan ta ce, "Malama, ni na ba ta izini, ni na ɗaura mata ɗankwali da hannuna. In laifi ne ai nawa ya fi. Kwananta ne ya ƙare. Ni abin da ya dame ni daban ne. Ummi ce ta zauna kusa da ita a motar nan, ita ce ta ƙarshe da ta ji muryarta. Shekara biyu ina so in tambaye ta, me suke hira a kai? Tana dariya? Ta ci abinci a wurin bikin? Ba ni da wanda zan tambaya. Na ɗauka yarinyar ta manta da mu ne."

Na ce ba ki manta ba, ni na hana ki. Ta dube ni ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ta faɗa min lambar wayarta na rubuta, tana bayan wannan takarda. Ta ce ba sai kin shirya magana ba, ko sallama kawai kika yi ta gode. Ban san ko wannan zai dawo miki da barci ba, ba zan yi miki alkawarin abin da ban sani ba. Amma akwai mace a garin nan da take jiran ta ji yadda 'yarta ta yi yininta na ƙarshe, kuma duk duniya ke kaɗai kika sani.

Ki riƙa cin abinci ko ba daɗi. Ki rage shayi da yamma. Ki taka ƙafa kullum kafin magariba, ko zagayen fili ne. Ki kira Goggonki, ta fi ni iya sauraro.

Allah ya kiyaye min ke a tafe da zaune. Ya tsare gabanki da bayanki, ya raba ki da mugun abokin zama. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya jiƙan Jamila, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarta. Ya ba ki barci mai daɗi wanda ba a saya ba, ki farka da ƙarfinki. Ya dawo min da ke gida lafiya, in gan ki da idona.

Wassalam.

Dadarki,
Hauwa'u